Kalmar Sirrin Yayana: Darasin Amana a Duniyar Bincike

 Da aka ce in rubuto wani abu da zai amfani ɗalibai, sai na ga gara in fara da kuskuren da na tafka da hannuna, sannan in kawo muku abin da na je na karanto bayan na sha kunya.

Ni ɗan sashen akanta ne a nan harabar Kadpoly ta Unguwar Rimi, kuma furojet ɗina a kan masu sana'ar POS ne da yadda suke ajiye lissafinsu. Sufabaiza ya dawo mini da babi na biyu jajir da biro, ya ce in je in nemo binciken da aka yi cikin shekaru biyar ɗin nan. Na shiga Google Scholar na gano takardu masu kyau, amma da na danna sai in ga ɗan taƙaitaccen bayani kawai, a ƙasa an rubuta a biya dala 30 ko 40. Ɗalibin da ke lissafin kuɗin Keke ina ya ga dala?

Ina da yaya, ɗan wan mahaifina, da ke digiri na biyu a wata jami'a a ƙasar waje. Na kai masa kuka. Ya turo mini adireshin imel ɗinsa na makaranta da kalmar sirri, ya ce, "Ka sauke abin da kake buƙata ka fita, kada ka ba kowa." Na shiga shafin kamfanin mujallun, na zaɓi sunan jami'arsu, na zuba bayanan, ƙofa ta buɗe. A daren na sauke takardu 11.

Washegari abokin zamana ya ga abin da na samo, ya ce don Allah. Na ba shi. Bayan kwana biyu na tura wa wani a guruf ɗinmu na WhatsApp. Daga nan ban san hannu nawa ta bi ba.

Kwana tara bayan haka Yaya ya kira ni ƙarfe shida na safe.

"Kai, wa ka ba akawun ɗina?"

"Yaya, wallahi mutum biyu ne kawai."

"Mutum biyu ne suka sauke takardu sama da 600 cikin dare ɗaya, daga garuruwa uku?"

Kamfanin mujallun ya ga abin da ke faruwa, ya dakatar da hidimarsa ga jami'ar gaba ɗaya na ɗan lokaci, ya rubuta musu. Su kuma suka bi sawu suka gano akawun ɗin waye, suka rufe shi mako biyu, suka kira Yaya ya yi bayani. A wannan akawun ɗin imel ɗinsa yake, da fotal ɗin da zai miƙa kundin bincikensa, saura wata ɗaya wa'adi ya cika.

Bayan na gama ba da haƙuri, wasu tambayoyi suka tsaya mini a rai. Kamfanin da bai taɓa ganin Yaya ba, me ya sa ya buɗe masa ƙofa don kawai jami'a ta ce nata ne? Kuma da abu ya ɓaci, me ya sa jami'ar ta tashi tsaye haka? Amsar ita ce darasinmu na yau.

MENE NE ƘAWANCEN SHAIDA?

Ku tuna lokacin da muka fita SIWES, shirin koyon aiki da hukumar ITF ta ɓullo da shi tun 1973. Ofishin da ka je bai san ka ba, bai ga takardar haihuwarka ba, bai san unguwarku ba. Abin da ka miƙa masa wasiƙa ce daga makaranta, da kan takarda da sa hannu da hatimi, tana cewa wane ɗalibinmu ne, yana sashe kaza. Ofishin ya yarda da makaranta, makaranta ta san ka, shi ke nan aka ba ka kujera.

Wannan tsarin ne aka ɗauka aka kai intanet. Ni na sa masa suna ƙawancen shaida. Ɓangarori uku ne a ciki.

Na farko, mai ba da shaida: makarantarka ko cibiyar da kake aiki. Ita ta yi maka rijista, ita ke riƙe da kalmar sirrinka.

Na biyu, mai hidima: kamfanin mujallu, ko ma'ajiyar bayanan bincike, ko babbar kwamfutar lissafi, ko wayafai na wata jami'a da ka kai ziyara.

Na uku, uwar ƙawance: ƙungiyar da ke rubuta dokoki, ta tantance wanda zai shigo, ta kuma riƙe kundin mambobi da samfurin hatimin kowannensu. A yawancin ƙasashe, hukumar da ke haɗa manyan makarantu da layin intanet na ilimi ce ke wannan aikin.

YADDA ABIN YAKE TAFIYA

Ga abin da ya faru a daren da na shiga, mataki-mataki, ko da yake a lokacin ban san haka ne ba.

1. Na je shafin mai hidima, ya tambaye ni daga wace makaranta nake.
2. Da na zaɓa, sai ya tura ni shafin jami'ar. A can na rubuta kalmar sirri.
3. Jami'ar ta duba ta ga daidai ne, sai ta rubuta 'yar wasiƙar lantarki cewa mai wannan akawun ɗalibinta ne, ta buga mata hatimin lantarki.
4. Mai hidima ya karɓi wasiƙar, ya gwada hatimin da samfurin da ke cikin kundin uwar ƙawance, ya ga sun dace, ya buɗe ƙofa.

Duk wannan cikin daƙiƙu kaɗan. Ku lura da abu guda: kalmar sirri ba ta isa hannun kamfanin ba, a shafin makaranta ta tsaya. Ƙa'idar da aka fi rubuta waɗannan wasiƙu da ita sunanta SAML, an fitar da bugunta na biyu a 2005, kuma manhajar Shibboleth na cikin waɗanda jami'o'i suka fi amfani da su wajen aikin.

Amma ku sake duba mataki na 3. Jami'ar ta rantse cewa Yaya ne ke shigowa, alhali ni ne a ɗaki a Unguwar Rimi. Kwamfuta ba ta yi kuskure ba, hatimi ma na gaskiya ne. Mu ne muka sa makaranta ta yi shaidar zur.

DAGA HOLAN ZUWA NAJERIYA

Sanannen misalin wannan tsari shi ne eduroam. A 2002 wani ma'aikacin hukumar SURFnet ta ƙasar Holan, Klaas Wierenga, ya kawo shawarar cewa ɗalibi ko malami ya riƙa hawa wayafai na kowace jami'a da akawun ɗin makarantarsu. Yau ana samun eduroam a ƙasashe sama da 100. Abin da ke bayan alamar @ a sunan da kake shiga da shi ne ke nuna makarantar da za a tura tambaya, ita kuma ta amsa da e ko a'a. Kamar dai yadda katin ATM na wani banki ke ciro kuɗi a injin wani bankin daban.

A 2011 ƙungiyar GÉANT ta Turai ta ƙaddamar da eduGAIN, wanda ke haɗa ƙawancen wannan ƙasa da na waccan. Yanzu ƙawance fiye da 70 ne a ciki, da dubban makarantu da cibiyoyi.

A gida kuma, Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa da kwamitin shugabannin jami'o'i sun kafa NgREN da tallafin Bankin Duniya, aka ƙaddamar da shi a 2014 da jami'o'in tarayya 27 a zangon farko. A matakin yanki akwai WACREN mai hedikwata a Accra, wadda ke haɗa irin waɗannan hukumomi na Afirka ta Yamma da ta Tsakiya. Kun ga dai da jami'o'i aka fara, don haka mu 'yan poli ya kamata mu san da zancen, mu riƙa tambaya a kansa.

ME YA HAƊA SHI DA BINCIKE?

Ba sai mun je nesa ba. A nan Unguwar Rimi, kan titin Surame, hedikwatar Cibiyar Binciken Ciwon Sammore ta Ƙasa take, wato NITR. Asalinta cibiya ce ta Afirka ta Yamma baki ɗaya da aka kafa a 1947, kafin daga baya ta zama ta Najeriya. Dalilin da ya sa ta fara a matsayin ta yanki a bayyane yake: ƙudan tsando bai san boda ba, shanun makiyaya ma haka.

To mu ƙaddara, a matsayin misali kawai, wani mai bincike a nan, da likitan dabbobi a ABU Zariya, da wani masani a Yamai, da wani a Ingila, suna aiki ɗaya, suna zuba sakamakon gwajin jini da taswirar wuraren kiwo a ma'ajiya guda. Wa zai shiga? In mai kula da ma'ajiyar ne zai buɗe wa kowa akawun da hannunsa, zai tara ɗaruruwan kalmomin sirri da zai yi gadinsu, kuma ranar da aka sallami wani daga aiki a Yamai ba zai ji labari ba. Da ƙawancen shaida, kowa zai shigo da shaidar gidansu, ranar da gidan ya janye shaidar ƙofa ta rufe.

A manyan ayyuka abin ya fi haka girma. Cibiyar CERN da ke kusa da birnin Jeniba tana raba aikin lissafinta ga cibiyoyin kwamfuta kusan 170 a ƙasashe sama da 40. A 2015 masananta sun fitar da takarda ɗaya mai marubuta 5,154. Babu ofishin da zai iya duba katin shaidar wannan taron ɗaya bayan ɗaya. Shi ya sa a 2012 wakilan irin waɗannan manyan ayyuka suka haɗu ƙarƙashin sunan FIM4R suka rubuta buƙatunsu, kuma da yawa daga cikinsu a kan doka da yarda ne: wa ya tantance wannan mutumin, kuma wa za a kama in ya yi ɓarna.

IYAYENMU SUN RIGA MU

Da na ba mahaifina labari, bayan ya gama yi mini faɗa, sai ya ce ai wannan tsarin mai gida ne na fatake. Na je na bincika na ga gaskiyarsa. Wani masani mai suna Abner Cohen ya zauna a unguwar Sabo ta Ibadan a farkon shekarun 1960 yana nazarin cinikin shanu da goro na Hausawa. Falke zai kawo shanu daga Arewa, bai san mahautan garin ba, kuma yawanci bashi ake sayarwa. Mai gidan da ya sauke shi, tare da dillalansa, su suka san mahaucin da ke biya da wanda ke taurin bashi, kuma mai gida ne ke tsaya wa cinikin. Jarinsa sunansa ne. In ya riƙa haɗa baƙinsa da macuta, labari zai kai Arewa, fatake su koma gidan wani.

Makarantar da ke cikin ƙawancen shaida mai gida ce. Duk lokacin da ta buga hatimi, sunanta ta ajiye jingina. Yanzu kun gane dalilin da ya sa jami'ar su Yaya ba ta yi wasa da maganar ba.

DOKOKI HUƊU DA KE RIƘE DA AMANAR

Bambancin da ke tsakanin Sabo da intanet shi ne a can an san juna ido da ido, a nan kuwa dubban makarantu ne da ba su taɓa haɗuwa ba. Dole a rubuta alƙawuran, kowa ya sa hannu kafin ya shiga. Guda huɗu ne suka fi muhimmanci.

Na ɗaya, yadda aka tantance mutum. Akwai makarantar da sai ta ga fuskarka da katin shaidarka take buɗe maka akawun, akwai wadda fom kawai za ka cike a intanet. Shaidarsu ba nauyi ɗaya ba ce. Ƙungiyar REFEDS, inda masu tafiyar da ƙawance na duniya ke haɗuwa, ta tsara matakan ƙarfin shaida, har ta raɗa wa biyu daga cikinsu sunan kofi: Cappuccino na matsakaici, Espresso na mai ƙarfi. Da a teburin mai shayi aka yi taron, da ruwan bunu da mai kauri za mu ji. Karanta mujalla ba ya buƙatar shaida mai nauyi, amma bayanan marasa lafiya suna buƙata, har da tabbaci na biyu ta waya.

Na biyu, rufe akawun a kan lokaci. Wanda ya gama karatu, ko aka kora, ko ya bar aiki, bai kamata makaranta ta ci gaba da cewa nata ne ba. Wannan yana nufin ofishin rijista da sashen kwamfuta su riƙa magana da juna. Mu 'yan akanta mun san abin da ma'aikatan bogi ke yi wa takardar albashi. Tsohon akawun da ba a rufe ba ɗan uwansu ne.

Na uku, taƙaita abin da ake faɗa a kanka. Kamfanin mujallu yana buƙatar sanin cewa kai ɗalibi ne a makaranta kaza. Ba ya buƙatar lambar NIN ɗinka, ko ranar haihuwarka, ko sakamakon jarrabawarka. Ma'ajiyar bincike kuma tana iya neman suna da imel don abokan aiki su san wanda ya canza wani abu. Wannan ya wuce ladabi, doka ce. Turai na da dokar GDPR da ta fara aiki a watan Mayun 2018. Najeriya ma ta samu Dokar Kare Bayanan Jama'a a watan Yunin 2023, wadda ta kafa hukumar NDPC, ta kuma ce kada a karɓi bayanin mutum fiye da abin da aikin ke buƙata.

Na huɗu, abin da za a yi in an samu matsala. Akwai wata yarjejeniya mai suna Sirtfi da REFEDS ta fitar. Wanda ya karɓe ta ya yi alƙawarin ajiye adireshin jami'in tsaro da za a iya tuntuɓa, da amsa kira in an tuntuɓe shi, da adana tarihin shige da fice don a iya bin sawu, da sanar da masu amfani dokokin da suka hau kansu. Irin wannan bin sawun ne ya kai ga Yaya. Ya yi mana zafi, amma da babu shi, da kamfanin ba shi da zaɓi sai ya bar ƙofa a rufe ga dubban ɗaliban da ba su ji ba ba su gani ba. Wake ɗaya ke ɓata gari.

Akwai ƙorafin da na ji daga abokaina, kuma ba zan ce ba su da hujja ba. Sun ce wannan tsari yana buɗe wa 'yan manyan makarantu ƙofa, ya bar talaka a waje, don haka rabon kalmar sirri taimako ne. Gaskiya ne tsadar mujallu zalunci ce ga ɗalibin Afirka, shi ya sa ma ake fafutukar a riƙa buga bincike kyauta ga kowa. Sai dai wanda ke biyan kuɗin wannan taimakon shi ne mai akawun ɗin, da sunan makarantarsu. Kuma duk lokacin da aka kama irin haka daga ɓangarenmu, wahalar yarda da shaidar makarantunmu ƙaruwa take yi.

ABIN DA YA RAGE GARE MU

Kada ka ba kowa kalmar sirrinka ta makaranta, ko budurwa, ko ɗan ɗaki, ko mai shagon kwamfuta da ke yi maka rijistar kwasa-kwasai. In dole ta sa ka bayar a shago, ka canza ta da ka fito.

Kafin ka rubuta kalmar sirri, dubi adireshin da ke sama. In ba na makarantarku ba ne, tsaya. Masu damfara suna ƙera shafi mai kama da na gaske sak.

Je laburare ka tambayi ma'aikata waɗanne ma'ajiyoyin mujallu ake da su da yadda ake shiga. Da yawanmu za mu gama difloma ba mu taɓa yin wannan tambayar ba. Ni kaina sai da ta ɓaci na yi.

Yi amfani da na kyauta. AJOL na tara mujallun Afirka, kuma da yawansu a buɗe suke. DOAJ jeri ne na mujallun da ba a biya. In takarda ta gagara, rubuta wa marubucinta imel cikin ladabi. Mutum biyar na rubuta wa, uku suka turo mini.

In kana da niyyar ci gaba da karatu, buɗe ORCID. Lamba ce mai gurbi 16 da ke bin mai bincike duk inda ya koma, kyauta ce, ana ba da ita tun 2012.

Ga shugabanninmu na ƙungiyar ɗalibai kuma, ina roƙo: in kun zauna da hukumar makaranta, bayan maganar ruwa da wuta da ɗakunan kwana, ku sa wannan a ajanda. Imel na makaranta ga kowane ɗalibi, rubutacciyar dokar amfani da akawun da kowa zai iya karantawa ya gane, da matsayinmu game da eduroam da ƙawancen shaida. Tambayoyi ne da ba su cin kuɗi, kuma ƙannenmu da ke ND 1 ne za su ci moriyar amsarsu.

Yaya ya miƙa kundinsa saura kwana huɗu wa'adi ya cika, Alhamdulillahi. Ya yafe mini, amma har yau in na kira shi, kafin mu gama gaisawa sai ya ce, "In dai fasuwod ne, babu." Babi na biyu kuma ya wuce a karo na uku, da takardun AJOL da waɗanda marubutansu suka turo mini.

Allah ya ba mu sa'ar difens, ya sa mu gama lafiya. Wanda ke son in nuna masa yadda ake neman takardun kyauta, ya same ni a laburare bayan Azahar.